Gwangwanin Kawu: Nazarin Faɗuwar Gaban Wani Mai Agashe a Gadarif

Mutumin da wannan nazari ya shafa ƙanen mahaifiyata ne, don haka Kawu zan kira shi, kamar yadda nake kiransa a gida. Ya yarda in rubuta, da sharaɗin kada in ambaci sunansa ko na ɗansa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekara 11 a wani asibiti a Wad Madani, babban birnin jihar Jazira a ƙasar Sudan, kafin yaƙi ya watsa mu. Abin da zan kawo na ciro shi ne daga ɗan littafin da na riƙa rubutu a ciki tun daga Fabrairun 2024.

Shekararsa 58 a lokacin. Haifaffen Mai Wurno ne, garin nan na bakin kogin Bahar Azraƙ, reshen Nilu, kudu da Sinnar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa da jama'ar da suka biyo shi bayan Turawan Ingila sun kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, a Burmi a 1903. Mu Hausawan Sudan da labarin hijira aka raine mu. Sai dai jin labari daban, ɗaukar ƙunshi a ka daban.

Tun yana saurayi ya koma Madani ya koyi agashe, wato tsire, wanda a nan har Larabawa da wannan suna suka san shi. Shekara 30 yana gaban wuta. Bai taɓa kwanciya asibiti ba, ba shi da ciwon suga, ba ya shan taba. Abin da yake da shi goro ne da jabana, gahawarmu mai citta, wadda yakan sha sau huɗu a yini.

Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun ɗaukin gaggawa na RSF, waɗanda a nan ake kira Da'ama. Madani ta cika da 'yan gudun hijira, cinikin Kawu ma har ƙaruwa ya yi, abin da yake jin kunyar faɗa har yau. A tsakiyar Disamba wutar ta iso mu. Cikin 'yan kwanaki mutum dubu 250 zuwa dubu 300 suka fice, bisa ƙiyasin Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya. Kawu ya kwashi matarsa da 'ya'yansa mata uku suka yi kudu zuwa Sinnar, suka kwana biyu a Mai Wurno, suka bi ta Dindir zuwa Gadarif, gidan mahaifiyata. Kakarmu, wadda muke kira Iya, ɓarin jikinta ya shanye, ba za ta iya wannan hanya ba. Sai ɗansa namiji tilo, ɗan shekara 23, ya ɗora ta a amalanken jaki ya kai ta wani ƙauye yamma da Madani inda muke da dangi, da nufin idan ƙura ta lafa a aika musu mota.

Wata ɗaya da rabi abin yana tafiya da saƙon murya ta WhatsApp da ɗan abin da ake tura wa yaron ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya. A farkon Fabrairun 2024 shabaka, kamar yadda muke kiran layin waya a nan, ta ɗauke a ƙasar baki ɗaya: Zain da MTN da Sudani duk suka yi tsit. A Gadarif ta dawo daga baya, amma jihar Jazira ta zauna cikin duhu. Saƙon yaron na ƙarshe daƙiƙa 19 ne, yana cewa Iya ta sha kunu, a turo kuɗin magani. Kawu yakan kunna shi ya fi sau ashirin a yini.

Daren farko

Wajen ƙarfe 2 na dare matarsa ta buga mini ƙofa tana salati. Na tarar da shi zaune a bakin angareb, gadonmu na igiya, jallabiyarsa ta jiƙe sharkaf, ya dafe ƙirji da hannu biyu yana kalmar shahada a guntsi-guntsi. Yatsunsa sun ƙage sun lanƙwashe ciki, ya ce leɓɓansa kamar kiyashi na tafiya a kai.

"Sista," haka yake tsokanata da shi ko a ranar lafiya, "an kashe yaron nan. Yanzun nan. Na ji a jikina."

Na ɗauko jakata. Bugun zuciya 124 a minti, alhali na babba a zaune 60 ne zuwa 100. Numfashi 30 a minti, inda ya kamata ya tsaya tsakanin 12 da 20, kuma duk a saman ƙirji yake, kafaɗu na hawa da sauka. Awon jini 158 bisa 94. Na maƙala masa ɗan abin awon oksijin a yatsa, ya nuna kashi 99. Mutumin da ke rantsuwa iska ba ta shiga huhunsa, jininsa cike yake da ita. Bayan minti 25 abin ya sake shi, ya kwanta kamar wanda ya yi noman yini.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ya gane ciwon. Namiji mai shekara 58 da ciwon ƙirji da gumi, zuciya ake fara zarga har sai gwaji ya wanke ta. Da gari ya waye na kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi aka yi masa zanen bugun zuciya, wato ECG, aka duba suga da yawan jini da zazzaɓin cizon sauro. Komai lafiya. Wanda ya duba shi bai ko ɗago kai daga takarda ba, ya ce, "Ba ka da komai, ya hajj, tunani ne," ya rubuta dayazifam na wata guda. Abin ya ɓata mini rai ta fuska biyu. Na ɗaya, dayazifam magani ne da jiki ke sabawa da shi cikin 'yan makonni, ba a ba mutum na wata guda a sallame shi ba bayani. Na biyu, ka ce wa wanda ya ga mutuwa da idonsa jiya ba shi da komai, ka gaya masa ne ko dai maƙaryaci ne ko kuma kai ba ka san aikinka ba. Kawu ya zaɓi na biyun. A raksha, wato keke mai ƙafa uku, muna komawa ya ce, "To tunda na'ura ba ta ga ciwo ba, ai ka ga ba ciwo ba ne. Sanarwa ce."

A nan matsalar take, kuma ya ɗauke ni kwanaki kafin in gane girmanta. Mu Hausawa idan gaba ya faɗi mukan ce Allah Ya sa lafiya, mu fara lissafin wanda ke kan hanya. Ga mai waya a hannu, kira ɗaya ya kashe maganar. Kawu ba shi da wanda zai kira. Sai ya mayar da ƙirjinsa rediyo: duk lokacin da gabansa ya yanke ya faɗi, labari ne ya iso daga Jazira. Firgicin labarin sai ya ƙara wa zuciya gudu, gudun zuciyar ya zama ƙarin shaida. Cikin mako na farko abin ya kama shi sosai sau biyar. Ya daina fita masallaci don kada ya faɗi a sahu, ya daina cin abin kirki, barcinsa bai wuce awa uku ba.

Abin da ke faruwa a jiki

Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, na gaske ko na zato, takan sa wasu 'yan halittu da ke zaune a saman ƙoda su zubo sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara sauri, tsoka ta ɗaure, gumi ya karyo, jini ya bar hanji ya tafi gaɓɓai, wanda shi ne wannan ramin da mutum ke ji a ƙahon zuci. Shiri ne na gudu ko kokawa, kuma shi ya fitar da mu daga Madani da rai. Amma wanda ke zaune a kan angareb ba ya gudu. Yana haki ne kawai, yana zubar da iskar kabon dayoksaid fiye da yadda jiki ke samar da ita. Mutane na ɗaukar wannan iska shara ce, alhali jini na bukatar wani adadi nata. Idan ta yi ƙasa, jijiyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa sukan tsuke, jiri ya zo. Sinadarin kalsiyam da ke yawo a jini shi ma aikinsa ya ragu, shi ne leɓɓa ke yin kiyashi, yatsu su ƙage. Wato rabin abin da ya firgita Kawu a daren nan hakinsa ne ya haifar da shi.

Jiki yana da birki. Akwai wata doguwar jijiya, bagus, da ta sauko daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa zuciya da huhu da hanji, aikinta sassauta bugun zuciya. Duk sanda mutum ya ja numfashi zuciya takan ɗan ƙara sauri, idan ya sake shi ta ɗan lafa. Kowa zai iya ji da yatsa biyu a wuyan hannu. Ba ka iya ba zuciya umarni, ba ka iya hana gumi, amma numfashi yana karɓar umarni, kuma ta nan ake kama linzamin sauran.

Duk wannan na sani tun a makaranta. Da na zo koya masa sai na kwafsa sau uku a jere.

Na ce masa, "Kawu, ja dogon numfashi." Ya ja da ƙarfinsa, ƙirji ya cika, ya sake ja, jiri ya ninku. Ai ƙarin iska ne ciwon, ni kuma na ce ya ƙara. Kashegari na gwada ƙirge: ja zuwa huɗu, riƙe zuwa huɗu, saki zuwa huɗu. Da aka zo riƙewa ya zabura ya ce kamar an shaƙe shi. Na uku na ce ya rufe ido ya saurari jikinsa. Bai kai minti ɗaya ba ya buɗe, idon ya kaɗa ya yi ja. Ashe da ya rufe, shingen hanyar Sinnar yake gani, da yaron da aka sauke daga motarsu ba a dawo da shi ba. Tun daga nan ban ƙara ce wa wanda ya fito daga yaƙi ya rufe ido ba sai in shi ya so.

Ya ce, "'Yata, bar wahalar da kanki. Wannan aikin Turawa ne masu ƙoshi." Na yi shiru, don a ranar ba ni da amsa.

Garwashi

Bayan kwana biyu, da sassafe, na fito na same shi a ƙarƙashin rakuba, rumfar karan da ke tsakar gida, yana haɗa wutar jabana. Gawayin ɗanye ne, garwashi ɗaya tal ya kama. Ya durƙusa, ya tattara leɓɓa kamar mai fito, ya fara hurawa. Iska siririya, doguwa, ba ta yankewa, har sai da jan ya bazu zuwa gawayi na biyu. Ya ɗan dakata, iska ta shiga da kanta ta hanci, na ga cikinsa ya taso a ƙarƙashin riga, kafaɗu ba su motsa ba. Ya sake hurawa. Ina tsaye da buta a hannu ina ƙirgawa a zuci: shiga wajen daƙiƙa 3, fita wajen 7. Numfashi shida a minti. Abin da na kwana uku ina fama in koya masa, shekara 30 ke nan yana yinsa kowace safiya.

Na ce, "Kawu, in yaron shago ya hura wuta da ƙarfi fa?"

"Sai toka ta cika masa ido, garwashin ya mutu. Wuta lallashi take so."

"To haka za ka yi in abin ya taso. Kada ka ja komai. Hura kawai."

Ya dube ni kamar zai yi musu, sai ya yi dariya, ta farko tun ɗaukewar shabaka.

Tsarin da muka tsaya a kai ba shi da yawa. Ya zauna, tafin ƙafa biyu a ƙasa ba takalmi, ido a buɗe yana kallon abu guda a gabansa. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya, na ƙasan ne zai motsa, domin tantanin naman da ya raba ƙirji da ciki shi ne asalin mazugar numfashi. Ya fara da hurawa, ya bar shigar ta zo da kanta. Minti biyar bayan asuba, biyar bayan la'asar, biyar kafin barci, yana cikin lafiyarsa. Wannan na ƙarshen na nace a kai, don ba a koyon iyo ranar da kwale-kwale ya kife. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan numfashi a hankali cikin shirin taimakon da ta fitar a 2016 don mutanen da bala'i ya shafa, wanda aka gwada a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya. Na gaya masa haka don ya san Turawa masu ƙoshi ba su kaɗai ba ne.

Ga lokacin da abin ya riga ya taso kuma, na ƙara masa ajiyar zuciya da gangan: ja ta hanci, ƙara ɗan ja a kai, sannan doguwar saki ta baki, sau biyu ko uku. Jiki da kansa yana yin haka kusan kowane minti biyar don buɗe ƙananan jakunkunan huhu da suka manne, kuma shi ne abin da yaro ke yi idan kuka ya ƙare. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun sa mutane yin wannan na minti biyar kullum har wata guda, suka ga saurin numfashinsu ya ragu, ransu ya fi daɗi. Ni dai sunan da Hausa ta ba abin ya fi burge ni. Wanda ya fara cewa ajiyar zuciya ya san mutum ɗauke yake da ita, kuma akwai sauke ta.

Gwangwani

Hurawa ta rage tsawon abin daga minti 25 zuwa ƙasa da 10. Ba ta taɓa imaninsa cewa sanarwa ce ba. Ni kuma ban yi gangancin ce masa camfi ne ba. Ƙanen uwata ne, kuma wa ya san abin da Allah ke sanar da zuciyar uba? Sai na kawo masa gwangwanin madara da ƙwallayen dabino. Na ce duk sanda gabansa ya faɗi, babba ko ƙarami, ya jefa ɗaya, kuma kafin ya jefa ya duba abu biyu: ina ya fara ji a jikinsa, kuma me ya faru dab da haka. Da dare in zo mu ƙirga in rubuta.

Kwanakin farko amsarsa ɗaya ce: "Ko'ina. Haka kawai." A rana ta huɗu ya ce ya lura haƙoransa ke fara cijewa. Daga muƙamuƙi sai kafaɗu su haura kunne, sannan ramin ƙahon zuci, sannan zuciya. Tsakanin cizon haƙora da bugun zuciya akwai 'yar tazara, kuma in ya fara hurawa a cikinta, sau da yawa abin ba ya kaiwa ƙarshe. Wannan shi ne babban abin da ya samu, kuma da kansa ya gano shi. An ce jiki magayi, amma sai mai jikin ya koyi harshensa.

Abubuwan da ke gaba da faɗuwar ma suka fito fili. Ƙarar salansar raksha. Wayar wani ta yi ƙara. Jabana ta uku a kan cikin da ba komai. Kukan mace a maƙwabta, ko da na rasuwar da ba ta shafe mu ba. Zaman rumfar mai shayi inda kowa ke kawo jita-jita daga Facebook. Da kuma lokacin la'asar sakaliya, wanda shi ne lokacin da yaron ya saba zuwa ya taya shi jera nama.

A daren kwana na goma muka zazzage gwangwani a kan tabarma. Ƙwallaye 43. Ya daɗe yana juya su da yatsa, sannan ya ce, ba ni yake wa magana ba, "Ɗa ɗaya dai ba ya mutuwa sau arba'in da uku."

Ya rage jabana zuwa biyu, bayan cin abinci. Ya daina zaman rumfa, ya ware lokaci ɗaya bayan azahar don jin labarai. Ya koma masallaci, a ƙarshen sahu kusa da ƙofa.

Batun zikiri shi ya shigo da shi, ba ni ba. Ya ce hurar banza tana sa shi jin kamar mahaukaci, don haka ya mayar da ita Hasbunallahu wa ni'imal wakil, a ja ta a hankali cikin saki ɗaya. Ai duk magana a kan fitar numfashi take hawa. Na ba shi labarin wasu likitoci a Italiya da suka auna masu jan addu'ar carbi ta Kiristoci a 2001, suka tarar numfashinsu ya sauka zuwa shida a minti. Bai ji daɗin kwatancen ba. Ya ce, "Ni ba don bugun zuciya nake ambaton Allah ba. In ta lafa, gyara ce aka yi mini." Na karɓi gyaran bakin. Limamin unguwar ma ya taimaka ba da saninsa ba, ranar da ya tuna wa mutane cewa Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne dai ya ce wa 'ya'yansa su tafi nema kada su yanke ƙauna. Kawu ya dawo gida ya ce ashe tsoronsa ba raunin imani ba ne. Ni na faɗa masa haka ya fi sau goma, amma ni 'yar 'yar'uwarsa ce.

Kafin azumi, wanda ya kama 11 ga Maris, ƙwallaye sun sauko zuwa ɗaya ko biyu a yini, bugun zuciyarsa da safe 78, barci awa shida. Ya ari tire da wayar gasa nama, ya sayo ƙuli da yaji, ya kafa 'yar wuta a bakin titi bayan sallar tarawi. Kowane dare yakan ware wani abu daga ciniki ya ƙulle a leda, ya ce kuɗin motar yaro ne. Ni a wajena wannan leda ita ce ma'aunin fatansa, ta fi duk abin da zai faɗa da baki.

Labari ya zo

A goman ƙarshe na azumi wani ɗan'uwanmu ya kira daga Jidda. Yaron ya taka zuwa wata kasuwa inda ake biyan kuɗi a hau intanet ɗin Starlink na awa guda, ya aika masa saƙo. Yana raye. An ƙwace masa waya da jakin, amma ba a taɓa shi ba. Iya ta rasu tun ƙarshen Fabrairu, da dare, an yi mata sutura a ƙauyen.

Bayan an share makoki Kawu ya ce in ɗauko littafin. Muka nemo ranar. Ƙwallo ɗaya ne, da hantsi, kuma na rubuta a gefe: raksha. A daren ya yi barci har asuba.

Na zaci wannan zai sauke masa kaya. Ya sauke wani, ya ɗora wani. Ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin namiji ya yi ba, yana cewa uwarsa ta cika yana minshari. Ban ce ya hura komai ba. Baƙin ciki ba haki ba ne, ba a gyara shi da ƙirge, kuma kuskure ne babba a mayar da numfashi abin toshe bakin mai kuka. Na zauna kusa da shi har ya gama. Bayan kwana uku ya ce mini, "To ashe ƙirjin nan nawa labarina kawai yake bayarwa." Daga ranar ban ƙara jin kalmar sanarwa a bakinsa ba.

Kada in sa a zaci an warke an gama. A ƙarshen Yunin 2024 Da'ama suka kama Sinja, Dindir ta biyo baya, mutanen jihar Sinnar suka kwararo Gadarif cikin damina, a kan baƙar laka mai riƙe ƙafa. Danginmu na Mai Wurno suka iso, gidanmu ya kai mutum 31. A Agusta aka sanar da ɓarkewar kwalara. Ƙwallayen Kawu suka koma bakwai, takwas a yini, kuma sau biyu abin ya kama shi sosai har yatsu suka ƙage. Bambancin shi ne bai aiko a tashe ni ba. Da safe nake jin labari.

Matarsa kuwa hanyar ba ta yi mata komai ba, kuma na yi jinkirin gane dalili. Ita ba firgita take ba. Shiru ta yi, ta daina cin abinci, ta daina kitso, takan farka ƙarfe 3 ta zauna har gari ya waye, ta ce ita nauyi ce a kan mutane. Wannan ciwon damuwa ne mai zurfi, kuma duk wanda ya fara irin wannan magana likita yake bukata da gaggawa. Na kai ta wajen wani likitan ƙwaƙwalwa da shi ma gudun hijira ya kawo shi, ya ɗora ta a kan magani, ya ce sai an yi makonni kafin a ga canji. Haka aka yi. Ina ganin laifina a nan: nasarar mijin ta sa na yi wata biyu ina ce mata ta sa hannu a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a wuraren yaƙi na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma ba iri ɗaya ba ce.

Ranar 11 ga Janairun 2025 sojoji suka koma Madani. Gadarif ta ɗauki guɗa da hon, mutane suka cika tituna. Mako uku ke nan a lokacin ba mu ji daga yaron ba. Na iske Kawu a bakin tirensa ya dafe ƙirji, gumi na zuba, yana murmushi. Na kama wuyan hannunsa: 112.

"Haƙora ne suka fara?" na tambaye shi.

"Su ne. Kafaɗu ma. Komai irin na da." Ya hura sau uku, a hankali, yana kallon gawayi. "Sista, wannan na murna ne. Shi ma a saka?"

Na ce ai gwangwaninsa ne. Ya laluba aljihu ya jefa.

Saƙon ya zo bayan kwana shida, daƙiƙa 41, yaron yana tambaya ko motoci sun fara zuwa daga Gadarif, kuma nawa ne kuɗin. Kawu ya kwance ledar ya ƙirga, ya tarar ta isa zuwa da dawowa har da canji. A wannan makon na rubuta ƙwallaye biyar, bugun zuciya da safe 76, awon jini 134 bisa 84.